Zaɓen Lauya Wajen Sayen Gida da Sayar da Shi

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara

 

 Shugabannin ƙungiya sun nemi mu yi magana a kan sayen gida da sayar da shi, musamman yadda mutum zai zaɓi lauyan da zai tsaya masa. Mu ba lauyoyi ba ne, malaman makaranta ne. Amma wanda ya daɗe ana kawo masa takardu ya karanta wa jama'a, ba zai rasa abin faɗa ba.

Mu mutanen Bakolori ba sai an koya mana darajar ƙasa ba. An kammala madatsar ruwanmu a 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, rigimar diyya kuma ta kai ga abin da ya faru ranar 28 ga Afrilu, 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka yi asarar rayuka da yawa. Allah Ya jiƙansu. A wannan shekara ta 1978 ɗin ce gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau ita ce ginshiƙin duk wani cinikin fili a Nijeriya.

Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Abin da mutum yake saya shi ne izinin zama da amfani, wanda galibi akan bayar na shekara 99. A cikin birni, sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan izini ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. A karkara kuwa, ta ƙaramar hukuma ake nema. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi wa banki saboda ba a nemi amincewar gwamna ba. To, idan banki mai tarin lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga malamin makaranta ko ɗan kasuwa da ya shekara ashirin yana tari?

Yawancinmu da dillali muke farawa, da shi kuma muke gamawa. Dillanci sana'a ce ta halal, amma dillali ba ya samun la'adarsa sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi ne zai ce maka ka fasa ba. Bugu da ƙari, Dokar Lauyoyi ta 1975 ta hana wanda ba lauya ba ya karɓi kuɗi don rubuta takardar cinikin gida ko fili. Addininmu ma ya riga kowa: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, da samun marubuci adali, da kafa shaidu. Saboda haka ga abubuwa biyar da muke ganin ya kamata a duba kafin a damƙa wa mutum wannan amana.

Na farko, a tabbatar lauya ne na gaskiya. Baƙar kwat da jaka ba su ne shaida ba. Lauya shi ne wanda sunansa yake cikin kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli. Tun 2015 ake bukatar kowane lauya ya manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, mai ɗauke da sunansa da lambarsa, a kan takardar da ya rubuta. A tambaye shi shekarar da aka rantsar da shi da reshen ƙungiyar da yake, a kuma je ofishinsa a gani da ido. Wanda ba ya haɗuwa da kai sai a cikin mota ko a bakin kotu, a yi hattara da shi.

Na biyu, ya zama naka ne kai kaɗai. Sau da yawa mai gida ko dillali zai ce: "Alhaji, ai muna da lauya, kada ka ƙara wa kanka kashe kuɗi." Wannan lauya, wa yake karewa? Mai saye yana son a tono aibin gida, mai sayarwa yana son a rufe ciniki da wuri. Ba a raba hankali biyu a irin wannan aiki.

Na uku, ya san aikin ƙasa, ya kuma san na garin da gidan yake. Yadda malamin lissafi ba lallai ne ya iya koyar da Larabci ba, haka wanda ya shahara a shari'ar zaɓe ba lallai ne ya san lungunan ofishin ƙasa ba. Kano tana da KANGIS, Kaduna tana da KADGIS, Zamfara tana da ZAGIS, Abuja kuma AGIS, kowace da tsarinta. A Abuja minista ne yake da ikon ba da fili, kuma waɗanda suka ga rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 sun san ƙarshen gini a kan takardar da ba ta da tushe. A nan gida, takardun da aka bayar kafin 1996 sunan Jihar Sakkwato suke ɗauke da shi, lauyan kirki zai bi diddigi ya ga ko suna cikin rajistar Gusau.

Na huɗu, ya san hukuncin gado. A nan ne mafi yawan rigingimunmu suke. Babban wa zai sayar da gidan gado, alhali akwai ƙanwa tana aure a Shinkafi, akwai marayun ɗan'uwa da ya rasu, ba wanda ya tuntuɓe su. Bayan shekara biyar sai sammaci ya zo. Lauyan da ya san aikinsa zai nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ya ga sa hannun kowane magaji, mace da namiji. Zai kuma tuna da haƙƙin shuf'a: a mazhabarmu ta Malikiyya, idan mai rabo ya sayar da rabonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe daga hannun mai saye.

Na biyar, a yi maganar kuɗin aiki tun farko, a rubuce. A 2023 an fitar da ƙa'idar da ta tsara mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a irin wannan aiki. A ce ya nuna ta. A ware kuɗinsa daban, kuɗin hatimin gwamnati da na rajista da na neman amincewa daban, kowanne da rasit. Wanda ya karya farashi fiye da kima, a tambayi kai wane aiki zai tsallake. Araha ba ta ado.

Idan an zaɓe shi, me za a jira daga gare shi? Ya binciki fayil ɗin gidan a ofishin ƙasa, ya kawo rahoto a rubuce: sunan wa ke kan takardar shaidar mallaka, ko an jinginar da ita a banki, ko gwamnati ta soke ta, ko ana bin harajin fili. Ya je wurin tare da safiyo a auna iyaka, a ji ta bakin mai unguwa da maƙwabta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a biya kuɗi kafin wannan rahoto. Ba a sayen biri a sama. In an zo biya, a bi ta banki, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5. Kada kuma a tsaya a kan takardar wakilci kaɗai, domin wakilci ba ya mayar da mallaka. Aiki bai ƙare ba sai an sami amincewa, an yi rajista da sunanka.

Mai sayarwa ma yana bukatar nasa lauyan. Kada ya saki takardun asali sai kuɗi sun shiga, ya kuma tabbatar an sauya suna, don kada a ci gaba da binsa haraji a kan gidan da ya fita daga hannunsa. Muna jan hankalin 'yan'uwa da rashin tsaro ya tilasta wa barin ƙauyukansu: mai gaggawa shi ake yi wa tayin wulaƙanci. Duk wanda lauya ya ci amanarsa kuma, yana da damar kai ƙara gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda yake da ikon soke sunan mai laifi daga kundi.

A ƙarshe, muna roƙon shugabannin ƙungiya su tattara sunayen 'ya'yanmu lauyoyi da ke kowane birni, a buga a mujallar baɗi, su kuma lauyoyin su ware wani lokaci don duba takardun matan da mazansu suka rasu da marayu kyauta. Sai dai ɗan gida ma a auna shi da waɗannan ma'aunai biyar, domin zumunci ba ya maye gurbin ƙwarewa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu muhalli na halal, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.