Zoben Aure: Gaskiya Ake Nema, Ba Tsada Ba

 Yau za mu dubi wata tambaya da malaman Yahudawa suka yi nazari a kanta tun zamanin dā: mene ne yake ƙulla aure a gaban shari'a?

Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu aka tattara koyarwarsu cikin littafin da ake kira Mishna. A sashen Kiddushin an nuna hanyoyi uku: ba da kuɗi ko abu mai daraja, ba da takarda a rubuce, ko kuwa saduwa. Daga baya malamai suka hana hanya ta ukun. Ta farkon ce ta zama al'ada, daga cikinta kuwa zobe ya fito.

To, ina suka samo hujjar kuɗi? A Maimaitawar Shari'a 24:1, inda ake zancen mutum ya ɗauki mata, akwai wata kalmar Ibrananci. Ita ce kuma take a Farawa 23:13, inda Ibrahim ya roƙi Efron ya karɓi kuɗin filin da zai binne Saratu. Ya auna masa shekel 400 na azurfa a gaban jama'a. Sai malaman suka ce, tun da kalma ɗaya ce, yadda kuɗi ya tabbatar da wancan, haka yake tabbatar da wannan.

Wataƙila za ka ce, ashe sayen mace ake yi! Ko kusa. Almajiran Shammai sun ce sai dinari guda. Almajiran Hillel suka ce feruta ma ta isa, wato tsabar tagulla mafi ƙanƙanta, kamar anininmu na dā. Maganar Hillel aka bi. Wa zai sayi mutum da anini? Ma'anar kiddushin ita ce keɓewa, kuma in babu yardar macen, babu aure.

Ku lura da sharuɗan zoben. Dole ya zama na ango ne, ba na aro ba. Bisa ga al'ada ba a sa masa dutse mai daraja, domin kada amarya ta zaci ya fi ainihin kuɗinsa, ta yarda a kan ruɗi. Dole kuma shaidu biyu su gani da idonsu.

Saurayi, kada ka ci bashi domin ka nuna arzikin da ba ka da shi. Abin da yake naka, kome ƙanƙantarsa, shi za ka miƙa. Iyaye, kada ku ɗora wa 'yarku farashi, kada kuma ku tilasta mata. Alkawarin da aka kafa a kan ƙarya, ko da zinariya aka rufe shi, ba zai tsaya ba.

Ubangiji ya sa mu zama masu gaskiya cikin alkawaranmu. Sai mun sadu a shiri na gaba.