Sunan Cikin Gida: Yadda Na'urori Ke Gane Juna a Bayan Rauta



Baƙon da ya shigo Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka yana neman wani gida a Kwarbai ko Unguwar Juma, sunan mai gida yakan ambata, a raka shi har zaure. Daga nan kuwa iyakarsa ke nan. Mutanen ciki kaɗai suka san ɗakin kowa. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ita ce zauren wayoyi da kwamfutoci.

Na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. Don haka ne a 1983 Paul Mockapetris na Amurka ya tsara DNS, wanda ke mayar da suna irin su abu.edu.ng zuwa lamba. Amma wannan rajistar waje ce. Lambobin da rauta ke bai wa na'urorin gida, kamar 192.168.1.20, an keɓe su tun 1994 don amfanin ciki, gidaje masu ɗimbin yawa suna maimaita su, kuma babu rajistar waje da ta san da zamansu.

Ga inda matsala take: aron lambar nan rauta ke bayarwa. In aka ɗauke wuta aka maido, firinta tana iya farkawa da wata lamba dabam, ɗalibin da zai miƙa kundinsa da safe ya kwana yana aika takarda inda babu kowa. Maganin shi ne a shiga shafin saitin rauta, a ɗaure lamba guda ga lambar asali da masana'anta ta buga wa firintar, sa'an nan a rubuta mata suna. Rautoci da yawa suna ɗauke da manhajar dnsmasq, mai yin ayyukan biyu tare. Wajibi ne kuma kowace na'ura ta riƙa tambayar rauta tukuna. Wayar da aka saita ta zarce wurin 8.8.8.8 na Google, ta zama kamar mai cigiyar ɗakin uwargida a kasuwa.

Saura ƙarshen sunan, inda masu ilmi ma sukan yi tuntuɓe. Shekaru da dama masu rubuta manhaja suna laƙaba wa na'urorinsu .dev bisa son rai, har Google ya mallake shi, a 2017 kuma Chrome ya daina buɗe irin waɗannan shafuka sai da shaidar tsaro. Shi .local yana da aikinsa: na'urori ne ke shelar sunayensu da shi ba tare da rauta ba, gara a bar musu. Na gida shi ne home.arpa, da aka ware a 2018, ko .internal, da hukumar ICANN ta keɓe a 2024. Firintar ɗalibin nan sai ta zama firinta.home.arpa, sunan da ba ya ƙetare zaure.