Amanar Ƙananan Yara a Lokacin Annoba da Bayanta

 

Ya 'yan'uwa ahbabu, dattawan ƙasar Dutse sun gaji labarin shekarar Marisuwa daga iyayensu, wato murar 1918 wadda ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar dogo har Kano, ta hallaka kimanin mutum dubu 500 a Nijeriya. Sai kuma korona a 2020, aka rufe makarantu, aka taƙaita tarurruka.

Abin lura shi ne, a lokacin kullen nan murar yara ta ja baya ƙwarai a ƙasashe da dama. A Amurka yara 199 aka lissafa mura ta kashe a sanyin 2019 zuwa 2020, amma a sanyin da ya biyo baya yaro ɗaya tak. Da aka koma cuɗanya, sai cutar ta dawo da ƙarfi a 2022, asibitocin yara suka cika, domin ta tarar da jarirai waɗanda jikinsu bai taɓa saninta ba. Ashe ɗaukewar annoba ba ita ce ƙarshen haɗari ga yaro ba.

A Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, abin tsoro shi ne mura ta sauka ƙirji ta zama limoniya, musamman da hunturu. Likitoci sun ba da alama: jariri daga wata 2 zuwa 11 in yana numfashi sau 50 a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa kama nono, to a garzaya da shi asibiti a ranar. Tofi da rubutu suna da matsayinsu, amma ba su hana riƙon sababi. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham saboda annoba.

Saboda haka ana roƙon muƙaddamai su sanar a zawiyoyi bayan wazifa: uwar da jaririnta ke tari da zazzaɓi ta zauna gida a daren maulidi, kada ta kwana da shi cikin raɓa da ƙura. Malaman tsangaya kuma su ware wa almajiri mai zazzaɓi makwanci dabam da bargo.

Allah Ya raya mana zuriya, albarkar Shehu Ahmadu Tijjani. Amin.