Daga Mahauta Zuwa Fayil: Salsalar Kalmomin Kisa a Ingilishi



Yawancin waɗanda suka hallara yau a nan Unguwar Rimi, ko dai sun kama aikin Gwamnati, ko kuwa suna gab da kamawa. Da Ingilishi za mu rubuta rahoto, da shi za mu yi sharhi a fayil. Wata rana kuwa, Allah ya kiyaye, za a kawo mana labarin an rasa rayuka, a ce mu sa shi a takarda. Don haka ne muka ga ya kyautu mu bi salsalar kalmomin da harshen nan ke kiran kisa da su, gama kowace ɗaya tafe take da hukuncinta.

Bari mu fara daga kasuwa. Kalmar "butcher", watau mahauci, ta shiga Ingilishi ne daga Faransanci bayan Nomawa na arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Tushenta kuwa sunan bunsuru ne. "Slaughter" daga harshen mutanen arewacin Turai take, ma'anarta naman yanka. "Shambles", wadda yau ake faɗa wa wurin da ya yi kaca-kaca, asalinta teburin mahauci ne, har akwai tsohon layin mahauta mai wannan suna a birnin Yok. "Abattoir" ta Faransanci ce, daga aikatau mai ma'anar kayarwa ƙasa, ita ce Kanawa suka mayar Abbatuwa. "Carnage" daga sunan nama take a Latinanci. Ita kuwa "massacre", a tsohon Faransanci sunan mayanka ne, sa'an nan ta bazu a Ingilishi bayan kisan gillar da aka yi wa 'yan Furotesta a Faris a 1572.

Ashe da Turawa suka nemi sunan da za su ba kisan jama'a, mahauta suka nufa. Mu ma haka muka yi. Bahaushe ya bambanta yanka da kisa: yanka na dabba ne, yana da bisimilla da sharuɗɗa, in babu su nama ya zama mushe. Saboda haka in ya ce an yi wa mutane yankan rago, tuhuma ce yake yi, cewa an ɗauki ɗan Adam a bakin dabba.

Akwai kuma kalmomin da siyasa ta haifa. "Assassination", kashe shugaba saboda mulki, daga Larabci ta fito, daga laƙabin Hashishiyya da abokan gaba suka liƙa wa mabiyan Hasanus Sabbah, waɗanda suka kashe Waziri Nizamul Mulki a 1092. Ita ce ta dace da abin da ya auku ba nisa da inda muke zaune, a gidan da yau ake kira Arewa House, inda sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ran 15 ga Janairu 1966. Amma a watan Mayu da na Satumba na shekarar, da aka kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, sai bakuna suka rabu. Waɗansu suka ce "disturbances", watau hargitsi. Mutanen Gabas suka ce "pogrom", kalmar Rashanci da aka san ta da farmakin da ake kai wa Yahudawa. Daga baya Biyafara ta ce "genocide", kisan ƙare dangi, wadda lauya Raphael Lemkin ya ƙirƙiro a 1944. Gawa ɗaya, suna uku, kuma rabuwar sunayen ta taimaka wajen kai ƙasar nan yaƙin basasa a 1967.

Kalma mai laushi ita ce ta fi haɗari a hannun ma'aikaci. A 1906 sojojin Turawa suka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato, suka kashe mutum wajen 2,000. A harshen mulkin mallaka irin wannan sunansa "punitive expedition", fitar horo, kamar malami ne ya ɗauki bulala. Mu ma mun gaji wannan ɗabi'a. Abin da ya ci rayuka masu ɗimbin yawa a garin nan a Fabrairun 2000, "rikici" muka kira shi, kalmar da ba ta da mai aikatawa, sai ka ce ruwan sama.

Doka ta fi mu taka-tsantsan. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya bar "murder", tsohuwar kalmar Ingilishi, ya ɗauki "culpable homicide", kisan kai mai laifi, ya kuma raba wanda hukuncinsa kisa ne da wanda bai kai nan ba. Alƙali ba ya furta ko ɗaya sai ya ji shaidu, ya auna niyya.

To, 'yan'uwa, ga abin da muke roƙo. In fayil irin wannan ya zo teburinmu, kada mu rura wuta da kalmar mahauta kafin a bincika, kada kuma mu lulluɓe gawa da "hargitsi". Mu rubuta mutum nawa ne, su wane ne, a ina, a hannun wa, ko da mamatan ba namu ba ne, ko da masu laifin namu ne. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa jikoki ne za su karanta ta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.