Jawabin Kwamitin Gini a Ranar Aza Harsashi: Yadda Muka Gano Iyakar Gidan Malam

 



Da yawa daga cikinku sun tambaye mu abin da ya sa aka yi wata da watanni ga bulo ga yashi a jibge, amma ba a haƙa rami ba. Har wasu suka fara zaton kuɗin ya yi ƙafa. Yau za mu ba da amsa a gaban kowa, domin dukiyarku ce, mu masu riƙon amana ne kurum.

Kun sani jikokin marigayi Malam, wanda sunansa ke bangon wannan ɗan littafi, su suka ba da gidan kakansu wakafi domin a gina masallaci. To, amma gidan ya daɗe da rushewa, ya zama kango, kangon kuma ya haɗe da na maƙwabta har ya koma fili guda. Jikokin nan ba a ciki aka haife su ba. Dattawa uku muka kawo su nuna mana iyaka, kowa ya dasa sandarsa a wuri dabam. Liman ya ce mana wakafi ba ya wuce abin da mai bayarwa ya mallaka, kuma ɗakin Allah ba ya zama a kan haƙƙin wani. Muka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, muka dakatar da aiki, muka shiga bincike.

Da farko mun nemi takardun ƙidayar jama'a ta 1952 da ta 1963 a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Waɗannan sun nuna mana yawan mutane, amma ba su ambaci sunan maigida ko ɗaya ba. Abin da ya fid da mu shi ne littafin haraji. Yaran yau ba su san shi ba, gama an soke haraji da jangali a Jihar Kano tun 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Kafin nan, kowace shekara mai unguwa da malamin haraji sukan bi gida gida suna rubuta sunan maigida da na baligan da ke ƙarƙashinsa. Iyalan tsohon mai unguwarmu, Allah ya saka musu da alheri, suka buɗe mana wata adaka, muka sami irin wannan littafi, gara ta ci gefensa amma sunaye na nan. Da yake a jere ake bin gidajen lungu, sai muka ga sunan Malam tsakanin na wani maɗinki da na wani marini. Gidan maɗinkin yana nan tsaye har gobe, zuriyarsa na ciki. Nan muka sami iyakar gabas.

Sa'an nan muka koma ga taswirar safiyo ta zamanin En'e. A cikinta an zana ganuwa da lunguna da kududdufai da rijiyoyi, har da katangar da ta raba gida da gida. Wahalar ita ce yawancin alamun sun ɓace. Kududdufin da ke bayan gidan an cike shi an yi gini a kai, lungun kuwa an faɗaɗa shi ya zama titi. Saura rijiya. Wata tsohuwa da ta ɗebi ruwa a cikinta tana budurwa ta kai mu har bakin wani shago, ta ce a tona nan. Aka tona, sai ga bakin rijiya a ƙarƙashin siminti. Gani ya kori ji. Daga nan ma'auni ya ja igiyarsa bisa ga taswira, iyakar yamma ta fito.

Jarida kuma ta yi mana nata aiki. Dattawanmu ba su lissafi da lambar shekara, da abin da ya auku suke yi. Suka ce Malam ya rasu da daminar da ta biyo bayan rasuwar Sarki Alhaji, watau Abdullahi Bayero, iyalinsa kuwa suka tashi a shekarar zuwan Sarauniyar Ingila. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, suka tabbatar mana Sarki ya rasu a ƙarshen 1953, Sarauniya ta zo a 1956. Da muka gwada da littafin haraji, sai muka iske daidai wannan tsakani ne sunan gidan ya fita daga jeri. Ta haka muka sakankance Malam ɗinmu ne, ba wani takwaransa ba.

Ga inda maganar take. Da aka ja igiya, sai ya bayyana wajen taki shida na filin da muka kewaye ba na Malam ba ne, na marinin nan ne, kuma a nan za a haƙa wurin alwala. Muka bi sawun magadansa, muka iske a cikinsu akwai marayu ƙanana. Manyan suka ce sun bar wa Allah rabonsu, muka yi godiya. Na marayu kuwa ba mai ikon yin kyauta da shi. Malamai suka tunatar da mu cewa filin masallacin Manzon Allah a Madina na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, wurin shanyar dabino. Sun so su ba da shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da aka saya. Saboda haka aka yi wa wurin kima a gaban shaidu, aka biya daga kuɗinku, aka damƙa wa waliyyinsu, aka rubuta takarda. Tana manne a ƙarshen wannan littafi, kowa ya duba.

Kada wani ya ɗauka wannan bin diddigi baƙon abu ne a Musulunci. Azraƙi a cikin Akhbaru Makka, da Samhudi a cikin Wafa'ul Wafa, sun bi gidajen Makka da Madina suna faɗin na wane ne da abin da ya yi iyaka da shi. Sawunsu muka bi gwargwadon ƙarfinmu.

Roƙonmu biyu ne. Na ɗaya, duk mai tsohuwar takarda a gida, ko ta gado ko ta ciniki ko rasiɗin haraji, kada ya bar wa gara, kada kuma a ƙunsa ƙosai da ita. Ba don adakar nan ba, da mun yi shekaru muna alwala a kan haƙƙin marayu ba mu sani ba. Na biyu, abin da aka biya ya rage kuɗin siminti, ga damina tafe. Mai buhu ya kawo buhu, mai ƙarfi ya kawo ƙarfinsa.

Allah ya jiƙan Malam da maƙwabtansa, ya raya marayun nan, ya karɓi sadakar kowa, ya nuna mana ranar da za a kira salla a wannan wuri. Amin.