NAUYIN DA HAIHUWA KE ƊORA WA ƘUGUN MACE

Jawabi ga magidanta 'yan Arewa mazauna Kudu da iyalansu

Akwai lalurar da mata ke ɓoyewa saboda kunya, har mace ta tsufa da ita maigidanta bai sani ba.

A can ƙasan ƙugun mace akwai tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙashin gindin baya, tamkar ragaya mai riƙe da ƙwarya. Su ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, su ne kuma ke tsuke hanyar fitsari. Sa'ad da ciki ya tsufa, nauyin ɗa da ruwa da mabiyiya duk a kansu yake sauka. Ran haihuwa kuwa, wata tsokar sai ta miƙe wajen ninki uku na tsawonta kafin kan jariri ya wuce. Shi ya sa mai jego kan ga fitsari ya zubo mata in ta yi tari ko atishawa, alwalarta ta ƙi zama. Wata kuma bayan haihuwa da yawa sai ta ji mahaifa na zazzagowa.

Wannan yana da magani. Tun 1948 wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana motsin da ke ƙarfafa tsokokin: mace ta tsuke su kamar mai riƙe fitsari, ta saki, ta maimaita kullum har 'yan watanni. In abin bai lafa ba, sai asibiti.

Babbar musiba ita ce doguwar naƙuda. In kan ɗa ya kafe a ƙugu kwana da kwanaki, yakan matse naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai masa, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Shi ne yoyon fitsari, kuma galibi ɗan ma ba a samunsa da rai. Yankan gishiri da ake yi da aska wai don a buɗe hanya, shi ma ɓarnar yake jawowa. Ba aikin iskoki ba ne, ana kuma ɗinke shi: akwai asibitinsa a Babbar Ruga ta Katsina, akwai a Abakaliki nan Kudu.

To, ga inda zaman baƙunta ya shigo. A gida, mai cikin fari takan tafi goyon ciki wurin iyayenta. A Agege ko Sabon Ibadan kuwa, sau da yawa ba uwa ba gwaggo, maigida ya bi motar shanu ko ta goro, matar kuma ba za ta fita ba sai da izninsa. Ga kunyar ɗan fari, ga rashin jin Yarbanci. Haka za ta kwana biyu a durƙushe.

Saboda haka magidanci, kafin ya kama hanya, ya bar izni a fili, ya bar kuɗin mota a hannun matarsa, ya kuma shaida wa maƙwabci ko Sarkin Hausawa. A riƙa zuwa awon ciki. Naƙudar da ta wuni ba ci gaba, kada a bari ta kwana a ɗaki. In an sauka lafiya kuma, a ɗauke wa mai jego daka da tallabar jarkar ruwa har ta yi arba'in.