Me Ya Isa Ya Raba 'Yan'uwa?

 

Wani dattijo ya rubuto mana wasiƙa, ya roƙa kada a faɗi sunansa ko garinsu. 'Yarsa ta kawo saurayi gida, yaro mai ladabi, mai bi, har yana koyarwa a makarantar Lahadi. Amma ɗarikarsu ba ɗaya ba ce. An yi wa yaron baftisma tun yana jariri ta wurin yayyafa ruwa, su kuwa gidan yarinyar nutsarwa suke yi a rafi, bayan mutum ya girma ya ba da shaida da bakinsa. Wan dattijon, wanda shi ne babba a gidan, ya ce ba zai karɓi sadaki daga hannun wanda ba a yi masa baftisma ta gaskiya ba. Yau wata 4 ke nan wa da ƙane ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Dattijon yana tambaya, "Malam, idan na ba da 'yata, na sayar da bangaskiyata ke nan?"

Baba, na gode da wasiƙarka. Kafin in amsa, bari mu dubi samari biyu da suka yi tafiya tare da manzo Bulus. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa, ka buɗe Galatiyawa sura 2, ka sa yatsa kuma a Ayyukan Manzanni sura 16.

Na farko shi ne Titus, Bahelene ne, ba shi da kaciya. Bulus ya tafi da shi Urushalima, sai waɗansu suka matsa lallai a yi masa kaciya. Bulus ya ƙi sam, bai sassauta musu ba ko kaɗan. Na biyu shi ne Timoti, mutumin Listira, uwarsa Bayahudiya ce mai bi, ubansa kuwa Bahelene. Da Bulus ya so ya tafi da shi aikin bishara, sai ya yi masa kaciya saboda Yahudawan da ke wuraren nan. To, yaya ke nan? Bulus mai baki biyu ne? Abin da ya hana a kan Titus, shi ne ya yi wa Timoti.

Amsar tana cikin dalilin da ya sa ake neman kaciyar. Masu matsa wa Titus cewa suke yi in ba kaciya babu ceto, kamar yadda muka gani a farkon Ayyukan Manzanni sura 15. Wato sun ɗauki wani abu sun jingina shi da gicciyen Kristi, kamar jinin Yesu bai isa ba sai an ƙara masa. A nan Bulus ya kafe, gama in ya yarda, bisharar ta rushe. Game da Timoti kuwa babu wanda ya ce cetonsa yana kan kaciya. Magana ce ta yadda Yahudawa za su bar shi ya shiga majami'unsu su saurare shi. Sau biyu cikin wasiƙar Galatiyawa, a sura 5 da sura 6, Bulus ya nuna cewa kaciya da rashin kaciya duk ba su ne abin dubawa ba. Abu ƙarami ne a wurinsa, har ran da aka mai da shi ƙofar shiga mulkin Allah.

Ku lura da abin da ya biyo baya a Antakiya, domin ya yi kama da gidan dattijon nan. Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, amma da waɗansu baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye jikinsa, har Barnaba ma ya bi sahunsa. Bitrus bai yi wa'azin ƙarya ba, kwano kawai ya raba. Duk da haka Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, domin raba kwanon nan yana gaya wa al'ummai cewa bangaskiyarsu ga Kristi ba ta isa ta sa su zama 'yan gida ba.

Menene fa ginshiƙin da ba a taɓawa? Ba mu ne za mu ƙago shi ba. A farkon 1 Korintiyawa sura 15 Bulus ya faɗi abin da ya sa a gaba da kome: mutuwar Kristi saboda zunubanmu, da binne shi, da tashinsa a rana ta uku, da shaidun da suka gan shi da rai. Tare da wannan akwai sanin ko wanene wannan Kristi. A shekara ta 325 shugabannin ikilisiya suka taru a garin Nikiya saboda koyarwar wani mai suna Ariyus na Iskandariya, wanda ya ce Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi wannan koyarwa, kuma ya yi daidai, gama halitta ba ta iya ceton halitta. Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da ceto ta wurin alheri, waɗannan in an cire su gidan ya faɗi. Ina faɗin wannan ne domin kada wani ya ji ana maganar haɗin kai ya ɗauka kome da kome daidai ne. Wanda ya ce maka Yesu bai tashi da jiki ba, ko ya ce sai ka sayi ruwa ko mai daga hannunsa kafin Allah ya karɓe ka, ka ƙaunace shi, ka yi masa addu'a, amma kada ka ba shi bagadi ya yi wa'azi.

Akwai wani tsoho da nake so ku sani, sunansa Polikap, shugaban ikilisiyar Samirna, wanda ya zauna a ƙarƙashin manzo Yahaya yana saurayi. Wajen shekara ta 155 ya je Roma ya gana da Anikitus, shugaban ikilisiyar can. Suna da saɓani a kan ranar idin Ista. Ikilisiyoyin ƙasar Asiya suna kiyaye rana ta 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ta mako ta faɗa, mutanen Roma kuwa sai ranar Lahadi. Kowannensu yana cewa abin da ya gada daga magabata ke nan. Polikap bai rinjayi Anikitus ba, Anikitus bai rinjayi Polikap ba. Amma Anikitus ya ba baƙonsa girma, ya bar shi ya jagoranci Jibin Ubangiji a ikilisiyar Roma, suka rabu lafiya. Wannan Polikap ɗin dai shi ne ya ƙi karɓar Markiyon a matsayin ɗan'uwa, gama Markiyon ya watsar da Tsohon Alkawari, yana koyar da cewa Allah Mahalicci dabam ne da Uban Yesu. Tsohon ya san inda ake haƙuri da inda ake tsayawa, daga baya kuma ya yarda aka kashe shi a kan ya ƙi musun Kristi. Kada wani ya ce haƙurinsa a Roma tsoro ne.

Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci rarrabewar tana da wuya, har manyan bayin Allah sun yi tuntuɓe a kanta. A watan Oktoba na 1529 wani basarake a Jamus ya tara Martin Luta da Zwingili na ƙasar Siwizalan a garin Marbug domin su daidaita. Aka rubuta batutuwa 15, suka yarda da juna a kan 14, har da Triniti, da mutuwar Kristi da tashinsa, da kuɓuta ta wurin bangaskiya. Na ƙarshen ne ya gagara, wato ko jikin Kristi da jininsa suna nan zahiri cikin gurasa da ruwan inabi. Luta ya ga abin ya taɓa ginshiƙi, bai yarda ya karɓe su a teburi ɗaya ba. Ina girmama Luta ƙwarai, amma a ganina a nan ya yi tsanani. Sai a 1973, a wani wuri da ake kira Loyenbag kusa da birnin Basel, magadan ɓangarorin biyu a Turai suka amince su karɓi juna a teburin Ubangiji da wurin wa'azi. Shekara 444 ke nan. Ku ƙidaya mutane nawa aka haifa suka mutu cikin wannan rabuwa.

Mu kuma a nan muna da abin godiya da muke yawan mantawa. Ikilisiyar Lutaran da ta soma a Numan a 1913 tana yi wa jarirai baftisma. Ekklesiyar 'Yan'uwa da ta soma a Garkida a 1923 tana nutsar da manya sau uku, tana kuma wanke ƙafafu. Amma dukansu suna cikin tarayyar da aka kafa a 1955, wadda muka sani yanzu da sunan TEKAN, fastocinsu da yawa kuma a aji ɗaya suka yi karatu a Bukuru. Iyayenmu na bangaskiya ba su jira sun daidaita a kan yawan ruwa ba kafin su kira juna 'yan'uwa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932 bai tambayi kowa ɗarikarsa ba kafin ya shiga gidansa.

To, Baba, ga amsata. Ni kaina a rafi aka nutsar da ni, har yau kuwa ina ganin hanyar nan ta fi nuna mutuwa da tashi tare da Kristi. In na zauna da faston yaron nan za mu yi muhawara har shayi ya huce. Baftisma umarnin Ubangiji ce, ba abin wasa ba, kuma ban ce ka bar abin da lamirinka ya yarda da shi ba. Romawa sura 14 ta ce mana kowa ya tabbata a zuciyarsa, amma ta hana mai ci ya raina marar ci, ta hana marar ci ya hukunta mai ci, domin Allah ya riga ya karɓe shi. Saboda haka ka kira yaron, ka tambaye shi a kan wa ya dogara domin gafarar zunubansa. In ya ce a kan Yesu Kristi, Ɗan Allah, wanda ya mutu ya tashi, rayuwarsa kuma ta shaida haka, ɗan'uwanka ne. Ba da 'yarka gare shi ba sayar da bangaskiya ba ne.

Akwai sauran aiki, kada a bar shi sai bayan biki. Yaran su zauna da fastocin ikilisiyoyin biyu su daidaita inda za su riƙa sujada, da abin da za su yi game da baftismar 'ya'yan da Allah zai ba su. Na ga gidajen da aka ɗage wannan magana, sai ranar suna ta tashi da zafi, kakanni suna jan jariri kowa gefensa. Kowace ikilisiya tana da ƙa'idarta ta zama memba, a tambaya tun da wuri, a faɗa wa juna gaskiya.

Game da yayanka kuwa, kada ka je masa da ayoyi kamar mai zuwa kotu. Shi ma kishin Ubangiji ne yake damunsa, yana tsoro kada gidanku ya saki abin da ubanku ya sha wuya a kai. Ka sa a dafa abinci, ka ɗauka da kanka ka kai ɗakinsa da yamma, ka gaishe shi yadda ya kamata ƙane ya gai da wa. In ya yarda, ku karanta labarin Titus da Timoti tare, ka bar shi ya fara magana. In bai yarda ba ranar, ka koma wata rana. Muna sa ku cikin addu'a a nan ɗakin shiri, ka kuma sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare.

Masu sauraro, mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda za mu dubi addu'ar Yesu domin almajiransa a Yahaya sura 17. Ku karanta ta kafin lokacin. Ku huta lafiya.